Abul Ƙasim Az-Zahrawi Da Ƙashin Da Ya Ɗoru A Karkace

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya gina jikin ɗan Adam a kan ƙasusuwa, Ya haɗa su da gaɓoɓi, sa'an nan Ya sanar da bayinSa hanyoyin magani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, hannu shi ne jarin talaka. Da shi manomi ke riƙe fartanya, da shi maɗinki ke zura allura, da shi malami ke kama alƙalami. Idan ƙashin hannu ya karye aka yi ɗori, sa'an nan ranar kwance ɗorin aka tarar ya kama a karkace, sai mai hannu da danginsa su shiga wasiwasi: a sake karya shi a gyara, ko kuwa a bar shi yadda yake? Wannan tambaya ba ta yau ba ce. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce wani likita Musulmi a ƙasar Andalus ya zauna ya rubuta amsarta, kuma amsar tasa ta isa ta nuna irin mutumin da yake. Wannan likita shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda filin wannan mako zai kawo tarihinsa.

Asalinsa Da Garinsa

Sunansa Halaf ɗan Abbas, alkunyarsa Abul Ƙasim. Ana danganta shi ga Ansar, watau mutanen Madina da suka karɓi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An haife shi wajen shekara ta 936 Miladiyya, wadda ta yi daidai da wajen 324 bayan Hijira, a ƙasar Andalus, watau yankin Sifen na yanzu da Musulmi suka mallaka a wancan zamani.

Laƙabinsa na Az-Zahrawi ya samo asali ne daga Madinatuz Zahra, wani birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku, mai laƙabin An-Nasir, ya gina kamar mil 5 yamma da Ƙurɗuba. Wannan Halifa shi ne ya ɗaga daular Umayyawan Andalus daga sarauta zuwa halifanci a shekara ta 929. A zamaninsa da zamanin ɗansa Al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, Ƙurɗuba ta zama matattarar malamai da littattafai, har ana kwatanta ta da Bagadaza. Al-Hakam mutum ne mai tsananin son karatu, yana aika wakilai ƙasashen gabas su sayo masa littattafai, ya tara su a fadarsa. Tun a zamanin mahaifinsa ma Sarkin Rumawa na Kustantiniya ya aiko da kyautar littafin Diyoskoridis a kan itatuwan magani, aka haɗa masana, Musulmi da Bayahude da Kirista, suka zauna suna tantance sunayen itatuwan da Larabci.

A cikin wannan yanayi Az-Zahrawi ya tashi, ya yi karatu, ya kama aikin likita. Marubutan da suka zo daga baya sun lissafa shi cikin likitocin fadar Al-Hakam. Amma abin da ya fito fili a littafinsa shi ne ba manyan gari kaɗai yake dubawa ba. Akwai labarin bayi da sojoji da mata masu naƙuda da mutanen ƙauye da suka yiwo tattaki zuwa gare shi.

Littafinsa

Wajen shekara ta 1000, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana aiki, ya kammala babban littafinsa mai suna At-Tasrif Liman Ajiza Anit Ta'lif. Ma'anar sunan ita ce littafin da zai wadatar da wanda ba shi da ikon tattara ilmin likita da kansa. Ya kasa shi maƙala 30, waɗanda suka ƙunshi cututtuka da alamominsu, da abincin marasa lafiya, da haɗa magunguna, da ma'aunansu. Ya rubuta shi ne domin almajiransa, waɗanda yake kira 'ya'yansa a duk inda ya fuskance su da magana.

Maƙala ta 30 ita ce ta ɗaukaka sunansa a duniya, domin ita ce ta aikin hannu, watau fiɗa ko tiyata. Ya raba ta kashi 3. Kashi na farko yana magana a kan lalas da sakiya, watau magani da ƙarfe mai zafi. Na biyu a kan yanka da huda da ɗinkin rauni da cire kibiya da karɓar haihuwa mai wuya. Na uku kuwa, mai babi 35, a kan ɗorin karaya da mayar da gaɓar da ta goce. Da yake gani ya kori ji, sai ya zana hotunan kayan aikinsa wajen guda 200 a cikin littafin, kama daga asake da almakasai da hantsaki, har zuwa ƙugiyoyi da zartuna da magagarai na ƙashi, yana faɗin ƙarfen da za a ƙera kowanne da shi da inda ake amfani da shi.

Bai ɓoye cewa ya ɗebi ilmi daga magabata ba. Ya ambaci Abuƙirat da Jalinusu, likitocin Yunanawa, kuma ya amfana ƙwarai da littafin Bulus na Ajina, wanda ya rayu a ƙarni na 7. Sai dai bai tsaya ga kwafe ba. Inda ya gwada abu ya ga amfaninsa yakan faɗa, inda bai taɓa ganin an yi nasara ba shi ma yakan faɗa.

Abin Da Ya Gani Da Idonsa

Az-Zahrawi ya buɗe maƙalar fiɗa da kuka a kan yadda wannan ilmi ya lalace a ƙasarsa, har ya kusa ɓacewa, bai rage ba sai ɗan abin da ke cikin tsofaffin littattafai da masu kwafe suka cika da kurakurai. Ya nuna cewa tushen ɓarnar shi ne mutane su ɗauki aska alhali ba su san yadda Allah Ya tsara jiki ba, ba su san inda jijiyoyin jini suka bi ba, balle adadin ƙasusuwa da mahaɗarsu. Don ya tabbatar da haka sai ya kawo misalai 4 da ya shaida.

Akwai likitan da ya tsaga wani ƙullutu a wuyan wata mace, ya yanke jijiyar jini, jini ya yi ta zuba har ta mutu a hannunsa. Akwai wanda ya shiga cire wa wani tsoho babban dutse daga mafitsara, ya fizgo shi tare da wani yanki na mafitsarar, tsohon ya cika bayan kamar kwana 3. Shi kansa Az-Zahrawi an riga an kira shi ga wannan aiki, amma da ya dubi girman dutsen da raunin tsohon sai ya ƙi. Akwai kuma wanda ya tsaga ciwon daji, ciwon ya ƙara haɓaka.

Misalin da ya shafi ɗori shi ne na wani likita da ke cin albashi a gidan wani babban hafsa. Wani yaron gidan ya karye a ƙafa kusa da diddige, ga kuma rauni a kan karayar. Likitan ya ɗaure wurin da karare da tsummoki tamau, bai bar wa raunin mashaƙar iska ba, ya kuma hana a kwance. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura, yaron ya kai gargara. Sai aka kira Az-Zahrawi, ya yi maza ya kwance ɗaurin, yaron ya sami sauƙin zogi. Amma ina, ruɓa ta riga ta kama, ta yi ta cin gaba har yaron ya rasu. Wannan labari bai bar zuciyarsa ba, domin a cikin babobin ɗori ya yi ta maimaita gargaɗi a kan matse ɗauri da kuma sa ido ga kumburi.

Yadda Yake Ɗorin Hannu

A farkon kashi na uku ya bayyana cewa sana'ar ɗori ta faɗa hannun masu da'awa, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin magabata ba, kuma shi bai sami abin da ya samu ba sai da doguwar bita da nacin fahimta, sa'an nan da gwaji tsawon rayuwarsa. Ya lissafa alamomin karaya: karkacewar gaɓa, da tasowar ƙashi, da ƙarar gogayya da ake ji idan an taɓa. Ya kuma bayyana cewa ƙashin babban mutum idan ya karye, jiki yakan tsiro da wani abu mai kauri kamar danƙo a kewayen wurin, wanda ke riƙe gutsattsarin biyu har su kama. Wannan shi ne ƙullutun da ake ji a jikin ƙashin da ya ɗoru.

Ya bayar da hanyar haɗa abin shafawa mai ƙanƙamewa. Mafi sauƙinsa shi ne a ɗebo ƙurar garin da ke maƙalewa a bangon gidan niƙa, a kwaɓa ta da farin ƙwai, kada ta yi kauri kada ta yi ruwa. Karan ɗori kuwa a yi su da tsagin gora ko katako marar nauyi ko zarben dabino, a naɗe su da ƙyalle mai laushi. Ɗauri ya fi tsanani a kan karayar, ya riƙa sassautawa yayin da yake nisa da ita. Idan akwai kumburi mai zafi, a dakata da ɗaurin har ya sauka.

Da ya zo kan hannu sai ya keɓe masa babi guda. Ya lura cewa ƙasusuwan tafin hannu da na yatsu sun fi samun dagargajewa bisa ga karyewa biyu. Idan abin ya faru, a zaunar da majinyaci ya tanƙwashe ƙafa, a ajiye kujera a gabansa daidai tsayinsa, ya shimfiɗa hannun a kai. Mataimaki ya ja ƙasusuwan a hankali, likita kuma ya daidaita su da yatsunsa har su koma mazauninsu. Idan karayar ta faɗa ta cikin tafi, a dunƙula ƙyalle kamar ƙwallo a ba majinyaci ya damƙe, a naɗe hannun a haka, a kuma yi amfani da fata mai laushi a madadin kara domin ta bi lanƙwasar tafin. Idan kuwa ta turo ta bayan hannu, a sa kara guda a sama guda a ƙasa, hannun ya zauna a buɗe a miƙe. Yatsan da ya karye a ɗaure shi da maƙwabcinsa mai lafiya, ko a sa masa ɗan ƙaramin kara. Wannan dabara ta jingina yatsa ga ɗan'uwansa har yau ana yin ta a asibitoci.

Ƙashin Da Ya Ɗoru A Karkace

Duk da wannan kula, wani lokaci ɗori yakan zo da gardama. A kwance a tarar gaɓa ta karkace, ko ƙashi ya taso, ko ƙullutu ya yi girma ya ɓata siffar wurin. Az-Zahrawi ya keɓe wa wannan matsala babi na 22 a kashi na uku, kuma ya raba hukuncinta gida uku.

Na farko, idan gaɓar ta yi muni ga ido amma tana yin aikinta na ɗabi'a, to, kada a saurari mai cewa a sake karya ta. Ya faɗi cewa da yawa daga wawayen likitoci da masu ɗori na ƙasarsa suna yin haka, kuma ya kira shi aiki abin zargi mai jawo babban haɗari. Ya ƙara da cewa bai ga alamar wannan aiki a littattafan magabatan da ya karanta ba. Dalilin tsoronsa a fili yake. Mai karya ƙashi da ƙarfin tsiya ta bayan fata ba ya ganin abin da yake yi. Ƙullutun ɗori sau da yawa ya fi gefensa ƙarfi, saboda haka ƙashin yana iya karyewa a wani sabon wuri, a wayi gari da karaya biyu maimakon ɗaya. Tsinin ƙashi yana iya huda jijiyar jini ko ya fasa fata, ruɓa ta shiga. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037 a can gabas, ya ɗan sassauta a wannan mas'ala, ya yarda da sake karyawa a wasu halaye bayan an tausasa ƙullutun, amma shi ma ya yi gargaɗin cewa ƙashin na iya karyewa a inda ba a nufa ba.

Na biyu, idan karkacewar sabuwa ce, ƙullutun bai riga ya ƙeƙashe ba, to, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi da aka dafa tsirrai masu tausasawa a ciki, irin su ganye da saiwar hiɗmi, wani tsiro mai yauƙi dangin kuɓewa da rama. A shafa yauƙin saiwar da aka kwaɓa da kitsen kaza da man riɗi, ko ɓaure mai tsoka da aka kirɓa. A riƙa murza wurin da hannu a hankali ba fashi, a kuma riƙa motsa gaɓar ta kowace fuska.

Na uku, idan karkacewar ta tsufa, ƙullutun ya zama kamar dutse, kuma larura ta tilasta, watau gaɓar ta kasa aiki, to, a nan ne ya yarda a ɗauki ƙarfe. Amma ba da duka ko murɗiya ba. A tsaga fata a kan wurin, a bayyana ƙashin a gan shi da ido, a raba mahaɗar da ta kama a karkace, a sassaƙe abin da ya yi yawa na ƙullutu ko ƙashi da 'yan ƙarafa sirara masu kaifin baki irin cizal ɗin kafinta, cikin lallashi da natsuwa, sa'an nan a yi jinyar raunin.

Mai karatu zai lura da ma'aunin da wannan malami ya riƙe. Bai dubi kyaun gaɓa ba, aikinta ya duba. Bai hana yanka don tsoro ba, domin a wani babi ya ba da labarin wani saurayi mai kimanin shekara 30 da ƙashin ƙwaurinsa ya ruɓe, ya yi ta yi masa aiki sau da yawa har ya yanke kusan taƙi guda na ƙashin da zarto, saurayin kuma ya warke ya koma harkokinsa. Abin da ya hana shi ne a jefa ran mutum cikin haɗari saboda abin da bai kai ya kawo ba. Ya gargaɗi almajiransa cewa za su gamu da majinyatan da ciwo ya gundura har suna ganin mutuwa hutu ce, da masu yi musu tayin dukiya don su yi aikin da ba shi da bege, kada su biye musu. Taka-tsantsan ɗinsu ya rinjayi kwaɗayinsu, su kuma tsare kansu daga abin da zai jawo musu shubuha a addininsu da mutuncinsu.

Bai Ɓoye Kuskurensa Ba

Wani abin da ke ƙara wa Az-Zahrawi daraja shi ne ya rubuta har da inda taka-tsantsan ɗinsa bai dace ba. Ya ba da labarin wani mutum da ruɓa ta kama masa ƙafa, ta yi baƙi, zafi ya ishe shi har ya yanke ta da kansa a gaɓa, ya warke. Bayan lokaci mai tsawo irin ciwon ya sake fito masa a manunin yatsan hannu, sai ya zo wurin Az-Zahrawi. Likitan ya yi ta sa magunguna, ciwon bai tsaya ba, ya bazu zuwa hannun. Mutumin ya roƙe shi ya yanke hannun, shi kuwa ya ƙi, domin yana fatan magani zai ci, kuma yana tsoron kada ya mutu a wurin yankan saboda ƙarfinsa ya ragu. Da mutumin ya fid da rai sai ya koma garinsu. Daga baya labari ya iso cewa ya yanke hannun da kansa, kuma ya rayu. Az-Zahrawi ya ce ya kawo labarin ne don ya zama taimako da jagora ga wanda zai gamu da irinsa. Malamin da ke neman suna ba zai rubuta wannan ba.

Abin Da Likitocin Yau Suke Yi

Abubuwa uku da Az-Zahrawi bai samu ba sun sauya aikin ƙashi. A 1846 aka nuna amfani da maganin sa barci a wurin tiyata a birnin Boston na Amurka. A 1867 Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni. A 1895 kuma Wilhelm Rontgen na Jamus ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi, kuma hoton da ya fara shahara na hannun matarsa ne. Daga baya, a 1909, Martin Kirschner ya fito da siraran wayoyin ƙarfe da ake sokawa cikin ƙashi, waɗanda har yanzu ake riƙe ƙananan ƙasusuwan hannu da su.

Hannu yana da ƙashi 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Ƙashin tafi yana iya ɗoruwa a lanƙwashe, ko a gajarce, ko a murɗe. Ƙasusuwan da ke ɗauke da ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna da motsi a gindinsu, saboda haka sukan jure lanƙwasa mai yawa ba tare da aikin hannu ya ragu ba, sai dai gaɓar dunƙule ta lotsa. Na manuni da na tsakiya kuwa a kafe suke, ba su jure lanƙwasa sai kaɗan. Murɗewa ita ce ta fi ɓarna. Ko da kaɗan ce, idan mutum ya dunƙule hannu sai yatsan ya hau kan maƙwabcinsa, riƙo ya gagara.

A irin wannan hali, ko inda lanƙwasa ta rage ƙarfin riƙo ko take jawo ciwo, likitan ƙashi yakan yi aiki. Bayan an ɗauki hoto an auna karkacewar, sai a kashe zafin hannun ko a sa majinyaci barci. A tsaga ta bayan hannu, a kauce wa jijiyoyin da ke miƙe yatsu, a yanka ƙashin da ɗan siririn zarto a inda aka tsara. Idan lanƙwasa ce, a cire ɗan yanki mai siffar weji a rufe, ko a buɗe gibi a cike shi da ɗan ƙashin da aka ɗebo daga wani sashe na jiki. Idan murɗewa ce, a juya ƙashin, a lanƙwasa yatsu a tabbatar sun jeru. Sa'an nan a riƙe shi da wayoyi ko ɗan falankin ƙarfe da ƙananan kusoshi. Ƙashin yakan kama cikin kamar mako 6, kuma ana fara motsa yatsu da wuri don kada su sandare. Aikin yana da nasa haɗari: sandarewar gaɓa, da mannewar jijiya ga ƙashi, da shigar ƙwayoyin cuta, da ƙin kamawa. Don haka har yau likita ba ya gaggawar yanka hannun da ke aikinsa lafiya. Wannan shi ne abin da mutane ke kira sake karya ƙashi a asibiti, amma a haƙiƙa yanka ne da ido buɗe, watau gida na uku na hukuncin Az-Zahrawi, ba abin da ya hana ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Az-Zahrawi ya yi tsawon rai har ya ga rushewar abin da ya tashi a cikinsa. A 1009 fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba a kan gadon sarauta. A 1010 mayaƙa suka afka wa Madinatuz Zahra suka washe ta, birnin da aka kashe dukiya marar iyaka wajen gina shi ya zama kufai tun bai cika shekara 80 ba. A 1013 Ƙurɗuba kanta ta faɗa hannun mayaƙa bayan doguwar tsarewa. A wajen wannan shekara, watau 404 bayan Hijira, Allah Ya yi wa Abul Ƙasim rasuwa yana da shekara kusan 77. Halifancin Andalus ma bai daɗe a bayansa ba, ya ƙare a 1031.

Imam Ibn Hazm, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 994, ya riske shi da rai, kuma ya yabi littafinsa matuƙar yabo a wasiƙar da ya rubuta a kan falalar Andalus da malamanta. Al-Humaidi, almajirin Ibn Hazm, ya sa shi a littafinsa na tarihin malaman Andalus, ya siffanta shi da falala da addini da ilmi.

Bayan Rasuwarsa

Gine-ginen sarakuna sun rushe, littafin likita ya wanzu. A ƙarni na 12 Jirad na Kirimona, wanda ya rasu a 1187, ya juya maƙalar fiɗa zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, watau Toledo. Turawa suka san marubucin da sunan Albukasis, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta shi a makarantun likita na Italiya da Faransa. Babban likitan fiɗa na Faransa, Guy de Chauliac, ya ambace shi fiye da sau 170 a littafin da ya kammala a 1363. A ƙasar Turkiyya, Sharafuddin Sabunjuoglu na garin Amasya ya gina littafinsa na fiɗa a kan na Az-Zahrawi a 1465. An buga maƙala ta 28, ta haɗa magunguna, a Banis a 1471. An buga maƙalar fiɗa da Larabci da Latin a Oksfod a 1778, da Faransanci a 1861, da Larabci da Ingilishi a 1973. A tsohon birnin Ƙurɗuba akwai titi mai sunansa, kufan Madinatuz Zahra kuwa an sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2018.

Abin Lura

A ƙasar Hausa, inda ɗori sana'a ce ta gado mai daraja, gargaɗin wannan malami yana nan da amfaninsa. Wanda aka yi wa ɗori, idan yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko suka daina ji, ko zogi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, to, a sassauta ɗaurin nan take a garzaya asibiti, kada a jira gobe. Wanda hannunsa ya ɗoru a karkace, kada ya miƙa shi a sake karyawa a makance. Ya je a ɗauki hoto, likitan ƙashi ya duba, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon sauƙin gyara. Mai sana'a kuwa, ko likita ne ko mai ɗori, ya tuna cewa jikin majinyaci amana ce a hannunsa, kuma sanin inda iyawarsa ta tsaya wani yanki ne na iyawar.

Allah Ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Ya gafarta masa, Ya sanya ilmin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Allah Ya bai wa marasa lafiya lafiya, Ya ƙara wa masu jinyarsu basira da tsoron Allah, amin.